Sule 31 da sisi: yadda kasuwar littafi ta tsara ƙagaggun labaran Birtaniya da Ailan a ƙarni na 19

Duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙagaggen labarin Turawan Ingila na ƙarni na 19, ko a ajin adabi ko don sha'awa, abin da zai fara tsaya masa a rai shi ne tsawo. Shafi ɗari takwas, mutane hamsin, labari uku ko huɗu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma bayan kowane babi uku ko huɗu sai a tsaya daidai inda mai karatu ba ya son a tsaya. Akan ce mutanen zamanin ne ke da lokaci da haƙuri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma babban dalilin yana cikin lissafin kuɗi: nawa ake sayar da littafi, wa ke saye, kuma da wane ma'auni ake biyan marubuci.

Kuɗinsu irin wanda aka kashe a Najeriya ne kafin zuwan naira a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, sisi kwabo shida. Akwai kuma gini, sule 21, wanda da shi ake yanka farashin kayan masu hali.

Juzu'i uku da mai ba da haya

A 1821 kamfanin Archibald Constable na Edinbura ya fitar da Kenilworth na Walter Scott cikin juzu'i uku a kan sule 31 da sisi, wato gini ɗaya da rabi. Scott ne ake yayi, saboda haka aka saya. Sauran kamfanonin ɗab'i suka bi sahu, farashin ya zauna daram har shekara 73. A tsakiyar ƙarnin, leburan gona a kudancin Ingila da wuya ya wuce sule 10 zuwa 12 a mako. Ke nan sabon labari guda ya kai ladan mako uku na irin wannan mutum. Ko akawu ba ya tunkararsa.

Da farko akwai hujjar tsada. Daga tsummokara ake yin takarda, gwamnati na karɓar haraji bisa nauyinta, haruffa kuma da hannu ake jera su ɗaya bayan ɗaya. Amma abubuwa sun yi ta sauƙi. A 1814 jaridar The Times ta fara aiki da injin bugu mai tururi, yana fitar da falle 1,100 a awa inda na hannu ke yin kimanin 250. Injin yin takarda ya yaɗu. An soke harajin talla a 1853, na hatimin jarida a 1855, na takarda a 1861. Komai ya sauka ban da sule 31 da sisi, domin ba don mai karatu aka sa wannan farashi ba.

A 1842 Charles Edward Mudie ya fara ba da hayar littattafai a shagonsa na Landan, a 1852 ya koma babban gini a titin New Oxford. Ka biya gini ɗaya a shekara, ka ɗauki juzu'i ɗaya, ka karanta, ka dawo da shi ka ɗauki wani, iya son ranka. Na nesa ana aika musu cikin akwatuna ta jirgin ƙasa. Kamfanin W. H. Smith, wanda ya kafa teburin littattafai na farko a tashar Euston a 1848, shi ma ya shiga harkar haya a 1860. Wanda ya san shagunan hayar littattafan Hausa na Kano a shekarun 1990, da yadda ake raba labari guda zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, ya riga ya san rabin tsarin. Bambancin shi ne a Ingila mai ba da haya ne ke riƙe da wuƙa da nama.

Ga yadda lissafin yake. Kamfanin ɗab'i yakan buga kwafi 500 zuwa 1,000 na sabon labari. Mudie ba ya biyan kuɗin da ke jikin bango, yakan saya a wajen rabinsa, sule 15 zuwa 18. A ɗauka an sayar da kwafi 500 a kan sule 15: an sami fam 375, wanda zai biya takarda da bugu da ɗauri da ɗan abin da za a ba marubuci, ba tare da an je neman mai saye ko guda a titi ba. Shi kuwa Mudie, labari guda mai juzu'i uku yana riƙe masa mutum uku a lokaci guda, wanda kuma ke son ya kwashi duka ukun sai ya ƙara kuɗin shekara. Tsadar ita ce katangar da ke hana mutane saye, tana kora su wurinsa. Kowa ya sami nasa, shi ya sa babu wanda ya so a taɓa farashin.

Wannan tsari ya shiga har cikin alƙalamin marubuci. Juzu'i ɗaya yana buƙatar kimanin shafi 300, ukun kuma kalmomi 150,000 zuwa 200,000. In labari bai kai ba, maɗaba'a na da dabarunta: a ƙara girman haruffa, a faɗaɗa gefen shafi, a rage yawan layi, a fara kowane babi a sabon shafi. In duk da haka bai cika ba, a ce marubuci ya ƙaro. Daga nan ne ake samun juzu'i na biyu mai jan ƙafa, inda ake tura tauraro balaguro ko a kwantar da shi rashin lafiya, a shigo da wata soyayya ta gefe don a cike gurbi. A 1847 kamfanin Smith da Elder ya mayar wa Charlotte Brontë littafinta na farko, wanda bai kai ma'aunin ba, ya ce in akwai mai juzu'i uku za a duba shi da kyau. Ta aika Jane Eyre, ya fito a watan Oktoba. Ƙannenta biyu kuwa haɗa nasu aka yi: Wuthering Heights na Emily ya ci juzu'i biyu, Agnes Grey na Anne ya cike na uku, bayan sun ajiye wa mai bugawa fam 50 daga aljihunsu.

Abu na biyu shi ne tacewa. Mudie mutum ne mai riƙon addini, kuma abokan cinikinsa iyalai ne da ake karanta littafi a bayyane a falo, uba da uwa da 'yan mata suna saurare. Littafin da ya ga bai dace da wannan zama ba, ba ya saye, wanda kuma bai saya ba ya mutu a sito. Marubuta suka koyi tace kansu tun kafin a tace su. Macen da ta kauce hanya sai ta mutu ko ta bar ƙasa kafin shafin ƙarshe, labari kuma ya rufe da aure da rabon gado. Duk da haka bai kamata a ɗora wa Mudie laifi kaɗai ba. Tabbacin cewa masu ba da haya za su kwashi 'yan ɗaruruwan kwafi shi ya sa kamfanoni ke yarda su gwada sabon marubucin da ba a san shi ba, kuma mata da yawa ta nan suka sami abin rufin asiri da alƙalaminsu.

Labari kashi-kashi

Hanya ta biyu ta buɗe a 1836, da Pickwick Papers na Charles Dickens a kamfanin Chapman da Hall. Asalin shirin, zane-zanen Robert Seymour ne gaba, matashi Dickens zai bi su da rubutu a kan kimanin fam 14 a wata. Seymour ya kashe kansa kafin kashi na biyu ya fito, sai aka juya tsarin: rubutu ya ƙaru zuwa shafi 32, zane ya ragu zuwa biyu. Kashin farko bai wuce 'yan ɗaruruwa ba a kasuwa, amma kafin a kammala a ƙarshen 1837 ana sayar da kusan 40,000 a wata.

Ma'aunin da ya zauna daga nan shi ne kashi 20, ana fitarwa a ƙarshen kowane wata a kan sule ɗaya, na 19 da na 20 a haɗe a kan sule biyu. Jimilla fam ɗaya, a biya cikin wata 19. Shafi 32 ba zaɓin marubuci ba ne: falle biyu ne na takarda, kowanne in an naɗe shi sau uku yana ba da shafi 16. Gaba da baya ana liƙa shafukan talla, waɗanda su ma kuɗi ne. Ga kamfani, ribar tsarin ita ce cinikin watan jiya ke biyan bugun watan gobe, ba sai an zuba babban jari lokaci guda ba.

Ga marubuci kuwa aiki ne mai tsauri. Dole kowane kashi ya cika shafi 32 cif. In masu jera haruffa suka dawo da gwajin bugu aka ga ya zarce da layi ashirin, sai a yanke. In ya gaza, sai a zauna a ƙaro nan take. Dole a ba mai zane bayanin hotuna da wuri, domin sassaƙa su a kan farantin ƙarfe na cin kwanaki, wani lokaci tun ba a rubuta babin ba. Kowane kashi na buƙatar dariya da tausayi da abin da zai sa a dawo. Kowane mutum a labarin kuma yana buƙatar wata alama, ko kalmar da ya saba faɗi ko wata ɗabi'a, don mai karatun da bai gan shi ba tun wata huɗu ya tuna shi. Masu sukar Dickens da cewa mutanensa na maimaita hali guda sukan manta da wannan. Daga Dombey and Son a 1846 ya riƙa ajiye takardar shiri ga kowane kashi: ya naɗe falle gida biyu, a hagu tambayoyi da shawarwari ga kansa, wane zai fito wannan watan, wane za a jinkirta, a dama kuma jerin babobi da abin da ke cikinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da aka buga ya bugu. Ba a komawa kashi na uku a gyara don ya dace da na goma sha biyar. Kasuwa kuma tana magana ana cikin rubutu. Da cinikin Martin Chuzzlewit ya tsaya a wajen 20,000 a 1843, Dickens ya tura tauraronsa Amurka don ya farfaɗo da shi. A 1860 wani labarin Charles Lever, marubuci ɗan Ailan, ya riƙa jan cinikin mujallar mako-mako ta Dickens, All the Year Round, ƙasa. Sai Dickens ya ɗauko Great Expectations ya sa shi a mujallar daga Disamba, cikin gajerun kashi na mako, shi ya sa ya fi sauran manyan littattafansa tsukewa. Akwai kuma ajali: Thackeray a 1863, Elizabeth Gaskell a 1865 da Dickens a 1870 duk sun rasu suna tsakiyar labarin da bai ƙare ba. Na Dickens kashi shida cikin goma sha biyu aka samu.

Bayan soke haraji, mujallun wata-wata na sule ɗaya suka karɓe kasuwar. Cornhill ta fito a Janairun 1860, fitowar farko ta sayar da sama da 100,000. Daga nan labari guda yakan ci kasuwa sau uku ko huɗu: a mujalla, a juzu'i uku don masu haya, a juzu'i ɗaya na sule shida, daga baya a bugun tashar jirgi mai rawayan bango na sule biyu.

Wa ke cin ribar

Yarjejeniya iri huɗu ce. Akwai sayar da haƙƙin mallaka baki ɗaya: Jane Austen ta sayar da Pride and Prejudice a kan fam 110, duk ribar bugu na gaba ta kamfani ce. Akwai bugu da kuɗin marubuci, kamfani ya ɗauki la'ada, asara kuma ta marubuci. Haka ta yi da Sense and Sensibility a 1811 ta ci ribar fam 140. Akwai raba riba biyu, wadda ta fi kowacce jawo rigima, domin kamfani ne ke rubuta abin da aka kashe, in ya kumbura kuɗin takarda da talla sai a wayi gari babu ribar da za a raba. Biyan kaso a kan kowane kwafi bai zama ruwan dare ba sai a shekarun 1880, lokacin da Walter Besant ya jagoranci kafa Ƙungiyar Marubuta a 1884.

Dokar 1842 ta ba da haƙƙin mallaka na shekara 42, ko tsawon ran marubuci da ƙarin shekara bakwai, duk wanda ya fi tsawo. Amma ba ta ƙetare teku ba. Maɗaba'un Amurka sun yi ta buga littattafan Birtaniya ba tare da tilascin biyan ko kwabo ba har 1891. Matar aure kuwa, kafin dokokin 1870 da 1882, abin da ta samu da alƙalaminta na mijinta ne a idon shari'a. Waɗanda suka kai ƙololuwa sun sami kuɗi sosai, George Eliot, macen da ke rubutu da sunan namiji, ta karɓi fam 7,000 a kan Romola, amma irinta 'yan ƙalilan ne. Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya, ya bayyana yadda ake cika ma'aunin: yana zama da ƙarfe biyar da rabi na asuba, agogo a gabansa, kalma 250 kowane kwata na awa, sannan ya tafi ofis.

Ailan: marubuci a nan, kasuwa a can

Duk abin da aka faɗa a sama a Landan da Edinbura yake, kuma wannan shi ne tushen matsalar marubutan Ailan. Ranar 1 ga Janairun 1801 Dokar Haɗewa, wadda ta haɗe Ailan da Birtaniya, ta fara aiki, majalisar Dablin ta rushe, wakilai 100 suka koma zama a Landan, masu kuɗi da yawa suka bi su. A shekarar kuma aka shimfiɗa dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya zuwa Ailan. Kafin nan maɗaba'un Dablin da sake buga littattafan Landan a kan araha suke rayuwa, doka ba ta hana ba. Da aka toshe wannan ƙofa sana'ar ta durƙushe.

Saboda haka marubucin Ailan ya zama yana ba baƙo labarin gidansu. Castle Rackrent na Maria Edgeworth, na 1800, ya fito da jerin ma'anonin kalmomi da bayanin al'adu don mai karatu na Ingila. Labarai da yawa na farkon ƙarnin an gina su kan baƙo ko ɗan ƙasa da ya tashi a Ingila, ya zo ana zagayawa da shi ana yi masa bayani. Wasu kuma suka ba kasuwa abin da take so, baƙauyen Ailan mai ban dariya da son faɗa.

Ga batun harshe. A farkon ƙarnin kusan rabin jama'a harshen Ailan suke yi, mai tsohon tarihin waƙa da rubutun hannu, amma kusan babu kasuwar bugu a cikinsa. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Ingilishi suke koyarwa. Sai yunwa ta zo. Daga 1845 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin Turawa, abincin da kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a suka dogara da shi kacokan. Zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, sama da miliyan ɗaya sun yi hijira. Ƙidayar 1841 ta nuna miliyan 8.2, ta 1851 miliyan 6.6, ta 1901 kimanin miliyan 4.5. Yammacin ƙasar, inda harshen ya fi ƙarfi, nan abin ya fi muni, kuma a 1851 masu jin harshen ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Abin lura shi ne yadda masifa mai girma haka ta sami wuri kaɗan a manyan littattafan da masu haya ke yayi. William Carleton, ɗan manomi da ya tashi cikin harsunan biyu, ya fitar da The Black Prophet ana tsakiyar yunwar, ko da yake a kan yunwar shekarun baya ya gina shi. Da shi kamfanin Simms da McIntyre na Belfast ya buɗe jerin littattafansa na sule ɗaya a 1847, matakin da ya nuna wa Landan cewa bugu mai araha na da kasuwa. Amma gaba ɗaya kamfanonin Landan sun ɗauka labarin Ailan ba ya sayuwa. Mai kamfanin ɗab'i Richard Bentley ya nemi Sheridan Le Fanu ya ba shi labari mai faruwa a Ingila kuma a zamanin da ake ciki, sai Le Fanu ya ɗauko wani tsohon gajeren labarinsa na Ailan ya mayar da shi Derbyshire, ya zama Uncle Silas na 1864.

Akwai dalilin da ya fi na kasuwa zurfi. Labari mai juzu'i uku yana ƙarewa da aure da gado ne domin a Ingila an yarda da wanda ya mallaki ƙasa. A Ailan mallakar ƙasar ita ce rigimar kanta: masu gonaki galibi 'yan Furotesta ne, manoman haya kuma 'yan Katolika da ke ganin ƙasar kakanninsu ce aka ƙwace. Ba a rufe irin wannan labari da biki. Tun a 1834 Edgeworth ta rubuta a wata wasiƙa cewa ba zai yiwu a zana Ailan ta lokacin a ƙagaggen labari ba, don zahirin ya yi zafi da yawa. Shi ya sa ƙarfin marubutan ƙasar ya fi fitowa a gajeren labari, da labarin ban tsoro na tsofaffin gidaje, da waƙoƙin kishin ƙasa irin na jaridar The Nation da aka kafa a 1842, da wasan kwaikwayo. Masu neman suna kuma suka ƙetare: George Bernard Shaw ya koma Landan a 1876, Bram Stoker a 1878, Oscar Wilde ma can ya zauna bayan karatunsa a Oxford. Yunƙurin dawo da cibiyar gida sai a ƙarshen ƙarni, da ƙungiyar farfaɗo da harshe ta Douglas Hyde a 1893 da dandalin wasan kwaikwayo da W. B. Yeats da Lady Gregory suka kafa a 1899.

Yadda tsarin ya rushe

Ɗan Ailan ne ma ya fito fili ya yaƙi Mudie. Bayan masu ba da haya sun juya wa ƙagaggen labarinsa na farko baya, George Moore ya fitar da A Mummer's Wife a 1885 cikin juzu'i ɗaya a kan sule shida, kai tsaye ga mai saye, ya kuma rubuta ƙasida yana zargin masu haya da mayar da adabi hannun mai reno. Thomas Hardy ya sha irin wannan matsi a mujallu: a labarinsa Tess da aka buga a The Graphic a 1891, wurin da saurayi ke ɗaukar 'yan mata a hannu ya tsallakar da su ruwa, sai da aka mayar da shi yana tura su a baro.

Amma ba ƙorafin marubuta ne ya kashe juzu'i uku ba, lissafi ne. Kamfanoni sun riƙa fitar da bugun sule shida 'yan watanni bayan na farko, sai masu haya su tashi da tulin tsofaffin juzu'ai da ba mai saye ko a gwanjo, ga sababbin littattafai na ƙaruwa, kuɗin shekara kuma na nan a gini ɗaya. A watan Yunin 1894 Mudie da Smith suka aika wa kamfanoni sanarwa: daga sabuwar shekara ba za su biya fiye da sule huɗu a kan juzu'i ba, kuma kada a fitar da bugu mai araha sai bayan shekara guda. Sule 12 a kan juzu'i uku ba ya fitar da kuɗin bugun kwafi 500. A 1894 an buga labarai 184 masu juzu'i uku, a 1897 huɗu kacal.

Sabon ma'auni ya zama juzu'i ɗaya na sule shida, tsawon ya ragu da wajen rabi, marubuci na karɓar kaso a kan kowane kwafi. A haka Dracula na Stoker ya fito a 1897. Masu saye ma sun ƙaru, domin dokar ilimi ta 1870 da tilasta zuwa makaranta a 1880 sun haifar da sabon rukunin masu karatu, waɗanda mujallu irin The Strand ta sisi, da aka fara a 1891, suka kama. A can ne Arthur Conan Doyle ya warware tsohuwar matsalar labari kashi-kashi, ta wanda wata guda ya wuce shi ya rasa zaren labari: tauraro ɗaya, Sherlock Holmes, amma kowane wata labari cikakke mai farko da ƙarshe. Shagon Mudie ya ci gaba da ba da haya har 1937, sai dai daga 1895 ba shi ke yanke wa marubuci tsawon littafi ba.